Farcen Garayar Kawu

Ba na son kiɗin yaran yanzu, kuma ba yau na fara faɗa ba. Ba ƙarar ce ta dame ni ba, don mu ma mun yi tamu ƙarar har tsofaffi suka zage mu. Abin da ke tayar mini da rai ƴar robar nan ce da suke matsewa tsakanin yatsu biyu suna kartar tsarkiya da ita. Duk inda na ji ta, a rediyon maƙwabci ko a salular ƴan kabu-kabun da ke tsayawa gindin tsamiyarmu, kunnena ba ya kama waƙar, sai ƙas-ƙas ɗin da robar ke yi kafin sauti ya fito. Mutane sun ce tsufa ne. To, tsufa ne. Amma na fi shekara arba'in ina kaɗa wa mahalban ƙasar nan garaya, daga ƙauyukan Baudeta har cikin Mayahi, kuma na san abin da kunnena ke ji.

Jikana, ɗan ɗiyata ta fari, shi ma makaɗi ne, in har za a kira abin da yake yi kiɗi. Gita gare shi mai igiyar kuran, wato lantarki, yana da ƙungiya a Tasawa suna yawon buki. Magidanci ne da mata da ƴaƴa, ya yi lakwal, makarantar boko, har ya iya murɗa harshe da Faransanci, amma bai taɓa riƙe garaya ba, ni kuma ban taɓa miƙa masa ba. Bana, bayan an gama shigar da hatsi rumbu, sai ga shi a kan babur da hantsi. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, sannan ya koma wasan jika da ya saba.

"Tsoho, ashe kana nan? Na ɗauka ka bar mini matata, na zo ɗauka."

"Tana ciki tana tankaɗe," na ce. "Shiga ka gani ko za ta bi mai kartar kwano."

Ya yi dariya, ya gyara zama a bakin tabarma. Ya ce an ɗauke su wasan wani buki a Tasawa. Angon tattaɓa-kunnen Sarkin Baka ne, tsohon shugaban mahalban garinmu. Kakar angon, ɗiyar Sarkin Baka, tana da rai, ta tsufa tukuf, kuma ta ce ba ta son turmin atamfa ba ta son komai, taken ubanta take so ta ji sau ɗaya kafin ta bar duniya. Sun yi cigiya har Korgom, aka ce musu mutum ɗaya ya rage da ya san taken nan.

"Kai ne, Tsoho. Saura mako biyu. Ka koya mini, in ba haka ba ya tafi tare da kai."

Na dubi hannuwana, waɗanda sanyin ƙashi ya lanƙwasa har cokali sai na yi dabara nake riƙewa. Shi ya ɗauka rowa ce. Bai san akwai abin da ke tsakanina da gidan nan tun ba a haifi uwarsa ba.

A wurin kawuna na koyi garaya, wan uwata. Lokacin daji daji ne. Ka fita bayan gari kaɗan, gonaki sun ƙare, sai sabara da kalgo da ƙirya har inda ido ya tsaya. Da asuba kana jin turame uku huɗu na daka suna amsa wa juna, zabin daji na kuka can nesa, gauraka na wucewa ta sama, kuge na tashi daga rugar Fulanin da ke yamma da mu. Yanzu ka tashi da asuba me za ka ji? Injin niƙa da babur. Dajin da barewa ke kiwo ya zama gonar wane da gonar wane, ko zomo sai an yi sa'a. Aikina a gidan Kawu ba shi da iyaka. Ni ne mai murza jijiyar sa ta zama tsarkiya, ni ne mai ɗumama fatar garaya in raɓa ta sa ta saki, ni ne mai ba jaki ruwa, ni ne mai kaɗa caki a bayansa har kafaɗata ta mutu. Na shekara biyu a haka kafin ya bar ni in ɗora garayar a cinya. Ranar da ya bar ni kuwa, ba garayar ya fara miƙo mini ba. Ƴar fata ya zaro daga aljihun ƙirjinsa, ya ce, "Wannan za ka fara sani. Itacen nan da tsarkiyar nan kowa na iya haɗawa."

Farce muke ce da ita, abin da ake jan tsarkiya da shi. Ba kowace fata ke yin farce ba. Sai an je wurin mahauta ranar kasuwa an nemi tsohon sa, wanda ya ja guga shekara da shekaru har wuyansa ya yi kanta. Daga doron wuyan ake yanka. Ba a jeme ta. A kankare gashin, a rataye ta ƙarƙashin rumbu inda rana ba ta kai, don rana na sa ta tsage daga ciki ba ka sani ba. Sai ta wata uku tana shan iska, sannan a yanke ta kamar faɗin yatsu biyu, a goge bakin a kan dutsen niƙa, a shafe ta da man shanu. Ko bayan haka ba ta gama ba, sai hannu ya ci ta. Gumi ya shige ta, babban yatsa ya yi mata gurbi, ta san mai ita. Ta Kawu daga ubansa ya gada. Ta yi baƙi tana sheƙi, tsakiyarta da kauri, bakinta ya siranta, kuma in ka riƙe ta yatsanka da kansa yake faɗawa inda na mutum biyu suka kwanta kafin kai. Da damana takan yi laushi sai an kara ta kusa da murhu. Da rani takan ƙame sai an ba ta mai. Wahala gare ta, na yarda. Amma in ta taɓa tsarkiya ba dukanta take ba. Tana kama ta, ta ɗan ja, ta ɗan ba da kai, sannan ta saki, sai muryar ta fito daga cikin garaya da nauyi, da ɗan gurnani a ƙarƙashi. Ba ta tafiya nesa. Wanda ke kusa kuwa a ƙirji yake jin ta. Kullum Kawu na bayana yana cewa, "Kada ka doke ta, ja ta. Ba ganga aka ba ka ba."

Kowane babban mahalbi yana da takensa, kiɗin da in aka yi shi, shi kaɗai ake kira. Kowace shekara bayan girbi, ranar da za a buɗe daji, mahalba na taruwa da la'asar a filin bayan gari. Makaɗi ya fara da taken Sarkin Baka. Shi kuma ya miƙe da bakansa, ya yi kirari, ya nuna gabas, daga nan an buɗe daji, saura su biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Dokar abin guda biyu ce, kuma ko yaye aka yi maka a garinmu ka san su. Ba a yin take sai a gaban mai shi ko jininsa. Kuma ba a maimaita shi. Sau ɗaya ake kira. In mai take bai tashi ba, sai wata shekara.

Shekarar da nake ba da labari na zama saurayi, gemu ya fara tsiro, kaina ya fara kumbura. Na iya taken kowa duka, yatsuna sun fi na Kawu sauri, kuma na san haka. Abin da ke cin raina shi ne, in muna kiɗi, ƴan matan da ke tsaye can bakin fili da tulunan ruwan mahalba ba sa jin komai sai caki. Ni kuwa so nake a ji ni. A lokacin ne kayan roba suka fara shigowa kasuwar Tasawa, ƴan ci-rani na kawowa daga kudu. Na sayi wani mataji ja wur, na karye haƙoran, na goge bayansa a kan dutse har ya yi siffar farce. Na tafi gonarmu inda ba kowa na gwada. Wayyo ni. Sautin ya tashi tar, siriri, mai kaifi, har tsuntsaye suka watse daga kan gawo. Ba ja, ba jira, hannu na gudu yadda ya ga dama. Na ce a raina tsofaffin nan wahalar banza suke sha. Na ɓoye abina a lalitar wando ban gaya wa kowa ba.

Kwana uku kafin a buɗe daji, ɗan karkare ya kama babban yatsan Kawu, ya kumbura suntum. Sarkin Baka kuma a shekarar idonsa ya tafi, ƙafa ta yi nauyi, kowa ya san ba zai ƙara shiga daji ba. Amma ya ce a kai shi fili, zai tashi ya buɗe da kansa. Da azahar Kawu ya kira ni, ya ɗora mini garaya a hannu, ya zaro farcen ya sa mini a tafi, ya naɗe yatsuna a kai da hannunsa mai lafiya.

"Ba ya gani," ya ce. "Kunne kaɗai ya rage masa. Ka ja a hankali."

Na ce to.

Fili ya cika. An zaunar da tsohon a kan buzu, bakansa a kan gwiwa, ɗiyarsa ƙarama na tsugune kusa da shi da ƙwaryar ruwa, budurwa ce lokacin. Kawu na tsaye bayana da caki a hannun hagu. Na zauna, na gyara garaya, na saki farcen Kawu cikin aljihu, na zaro jan matajina. Ban yi kuskuren ko ɗaya ba, wannan ko gaban wa zan faɗa. Kowane bugu ya faɗa inda ya kamata. Sautin ya keta fili har bakin rijiya, na ga ƴan mata sun juyo, samari sun fara gyaɗa kai. Caki ne ya fara tsayawa a bayana. Ban kula ba, na ci gaba har na kai ƙarshe, na ɗaga kai ina jiran tsoho ya miƙe.

Yana zaune. Ya karkata kai gefe kamar mai sauraron abu daga wani gari. Can ya juya wajen ɗiyarsa, ya tambaye ta, ba da faɗa ba, da gaske yake tambaya:

"Wa ake kira?"

Yarinyar ta ɗago ta dube ni, ta dubi jan abin da ke hannuna. Na laluba aljihu da sauri zan zaro farcen, Kawu ya dafa kafaɗata ya danne. An riga an kira. Ƙanen Sarkin Baka ne ya tashi ya buɗe dajin ba tare da kiɗi ba, aka kama tsohon aka mai da shi gida da bakansa a hannun wani. Da damana ta tsaya ya rasu.

Kawu bai doke ni ba, kuma da ya doke ni da na fi samun sauƙi. A hanyar gida ya karɓi matajin, ya jujjuya shi, ya mayar mini. Na miƙa masa farcensa ya ƙi karɓa. Ya ce, "Riƙe. Kai za ka ɗauke ta daga yau, ka riƙa tunawa." Bai ƙara yi mini maganar ba har ya mutu. Na jefa matajin cikin tsohuwar rijiya. Na yi shekarun da na yi ina kiɗi da fatar nan, yatsana ya zama na uku da ya kwanta a gurbinta, mahalba sun tashi mini a garuruwan da ban iya ƙirgawa. Amma taken Sarkin Baka ban ƙara yinsa ba. Ƴaƴansa maza sun watse, wani ya bi fatauci, wani ya zama malami ya ce garaya kayan bori ce kada a kusanci ƙofarsa da ita, ɗiyar kuma aka kai ta aure Tasawa. Daga baya dajin ma ya ƙare, aka daina taruwa. Taken ya zauna cikin kaina shi kaɗai, ina yinsa da baki in ina sassabe.

Wannan ne abin da jikana ya zo ya taɓa, yana murmushi, da gita rataye a baya. Ban gaya masa ba a ranar. Cewa na yi ya fito da abin da zai yi kiɗin da shi in gani. Ya zaro wani ɗan gwangwanin alewa ya buɗe. Robobi ne a ciki, launi-launi, sun fi goma. Wai sunansu mediyator. Ya shiga yi mini karatu, ni.

"Ka ga wannan ja, siririya ce, tana lanƙwasa. In ana son a share tsarkiya shida gaba ɗaya don rawa, ita ce. Wannan ruwan ɗorawa matsakaiciya ce, ta kowane aiki. Wannan baƙar kuwa taɓa ka ji, kauri gare ta, ba ta lanƙwasa ko kaɗan. Ita ke ba da murya mai nauyi, ɗaya bayan ɗaya. Vraiment, da gaske, Tsoho, da ita da fatarku duk ɗaya."

"In ta ɓace fa?"

"Sai in ɗauki wata. Ai ga su nan."

Ka ji fa. Abin da in ya ɓace sai ka ɗauki wani, shi za a kira mutum da shi. Na karɓi baƙar na matsa. Santsi, sanyi, ba gurbi, ba ta san hannun kowa ba kuma ba za ta sani ba ko ta shekara ɗari. Na mayar masa na ce ya tafi. Ya tafi. Kashegari ya dawo. Rana ta uku kakarsa, matata, ta fito daga madafa ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, in ba ka ba yaron nan ba, wa za ka ba? Kabari?" Na ce ba ruwanta. Amma da ya zo na ce ya zauna.

Da baki na koya masa, ina bugun cinya. Ba zan ci amanarsa ba, yaron yana da kunne, kuma wannan ya ƙara ba ni haushi. Kwana huɗu ya kama taken tsaf. Ba take muke yi ba a lokacin, gutsure-gutsure nake ba shi, kai daban, gindi daban, don ba a haɗa shi sai gaban jinin mai shi. Yana yi da baƙar robarsa, kowane bugu daidai, ni kuwa ina jin jan matajina. Ƙas kafin sauti, ƙas kafin sauti. Ya sassauta hannu, ya matsa kusa da wuyan gitar, ya murɗa wani maɓalli ya rage kaifi, har ya ajiye robar ya gwada da tsokar yatsa. Ya matso kusa, amma gurnanin nan na ƙasa babu shi. A rana ta shida na gaji, na ba shi labarin Sarkin Baka daga farko har ƙarshe, wanda ko kakarsa ba ta taɓa ji daga bakina ba. Sannan na zaro farcen daga aljihun ƙirji na nuna masa. Bai yi wasan jika ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya duba bakinta, ya shafa tsarkiyar gitarsa, ya girgiza kai.

"Tsoho, tsarkiyata ƙarfe ce, ba jijiya ba. Wannan fatar ta bushe, ta tsufa. Ƙarfen zai cinye ta. Wataƙila ta kai ƙarshen take ɗaya, wataƙila ba ta kai ba."

Na fizge abina na mayar aljihu. Na ce to ya je ya yi da robarsa, Allah ya ba da sa'a, ni ba ni zuwa. Abin da ya rage mini na Kawu ke nan a duniya. Garayar ma gara ta cinye ta tun shekarun baya. Hannu uku sun kwanta a fatar nan, ba zan ba ƙarfen Nasara ya tauna ba saboda bukin yaran da ba su san barewa ba sai a hoto.

Ranar bukin na tashi da safe na ce zan je kasuwa. Kakar yaron ta dube ni ta ce yau ba kasuwa, na ce na sani. Na shiga motar Tasawa, aka matse ni tsakanin buhun gujiya da wani mai akuya. Da la'asar na isa ƙofar gidan. An kafa rumfa an toshe hanya, gurup, injin ba da wuta, na ruri a gefe yana ba su kuran, amsa-kuwwa biyu kowace ta kai tsayin mutum. Samari na tsalle, ƴan mata na ɗaga salula sama, jikana na tsakiya yana sharar tsarkiya da jar robarsa kamar mai wankin tukunya. Na tsaya can baya jikin bango, kaina na sarawa. Daga nan na hango ta, ɗiyar Sarkin Baka. An shimfiɗa mata tabarma a bakin zaure cikin tsofaffin mata, ta ƙanƙance, sanda a kan cinya, idanunta sun yi fari fat irin na ubanta. Tana zaune ta karkata kai gefe.

Sai aka tsai da kiɗi. Wani mai baki ya ɗauki makirfo ya ce yanzu za a yi wa Hajiya kaka taken mahaifinta, kowa ya natsu. Jikana ya jefa jar robar cikin gwangwani, ya ɗauko baƙar, ya gyara tsayuwa. Sau ɗaya ake kira. Shi ya ji wannan a bakina, ni kuwa na gani da idona.

Ban san lokacin da na ratsa taron ba. Na ture wani da gwiwar hannu, na taka ƙafar wata ta zage ni, ban waiwaya ba. Na kai gare shi ya ɗaga hannu ke nan. Na doke hannun, robar ta yi tsalle ta faɗa cikin rairayi. Na zaro farcen na sa masa a tafi, na naɗe yatsunsa a kai da karkatattun yatsuna.

"Ba ta gani," na ce. "Ka ja a hankali. Kada ka doke ta."

Ya dube ni, ya dubi fatar. Na ga babban yatsansa ya laluba ya faɗa gurbin. Ya fara.

Ba garaya ba ce, kada wani ya ce na ce garaya ce. Amma ƙas ɗin nan ya tafi. Sautin ya sauko ƙasa, ya yi duhu, ya yi nauyi, yana fitowa da ɗan jinkiri kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Wani yaro a baya ya ce a ƙara sauti ba a ji, wani ya ce masa ya rufe baki. Ni ba tsohuwar nake kallo ba, hannunsa nake kallo. Ina ganin ɗan baƙin gari na zuba a kan farar gitar, kowane ja da nasa. Fatar ce ke tafiya. Na ji kamar daga jikina ake kankara, na tsine wa ƙarfen a raina, na tsine wa wanda ya ƙera shi. Ya kai tsakiyar take, wurin da kiɗin ke faɗawa ƙasa ya tsaya kamar numfashi kafin ya hau. Nan ne mai take ke tashi.

Na ji motsi wajen matan bakin zaure. Na juya. Tsohuwar ta dafa ƙasa da hannu ɗaya. Wata ta kai hannu za ta taimaka mata, ta ture. Ta miƙe a hankali, a hankali, har ta tsaya. Ta ɗaga sandarta da hannun hagu, a kwance, yadda ake riƙe baka, ta juya ta nuna gabas, ita da ba ta gani. Ta buɗe baki ta kira sunan ubanta, ta bi shi da kirarinsa, ba ta manta kalma ɗaya ba. Yaran ba su gane abin da take faɗa ba. Salula kawai suka juya wajenta.

Da kiɗin ya tsaya ta ce a kawo mata makaɗin. Jikana ya je ya durƙusa, ta shafa kansa ta sa masa albarka, ta tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce kakansa ne, ga shi nan. Aka tura ni gaba. Na durƙusa da ƙyar na gaishe ta, na faɗi sunan garinmu da sunan Kawu.

"Kai ne mai jan mataji," ta ce.

Na ce ni ne.

"Ka daɗe ba ka kawo ba."

Ba ta ƙara komai ba, ta nemi a zaunar da ita. Gurup ya ci gaba da ruri, aka koma rawa. Jikana ya biyo ni bayan rumfa, ya buɗe tafinsa. Bakin farcen ya cinye har kusa da tsakiya, kuma ta rabe biyu daidai kan gurbin yatsa. Ya fara ba ni haƙuri, na ce ya yi mini shiru. Ya ce to yanzu na yarda gita kiɗi ce? Na ce ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba, ya koma wurin masu tsallensa. Na karɓi gutsuren biyu na zuba a aljihun ƙirji, na nufi tasha tun rana ba ta faɗi ba.

Suna nan a aljihun har yau. Wani lokaci hannuna kan kai wurin da kansa, ya haɗa su, su ƙi zama. Shekaranjiya jikana ya aiko wani ɗan kabu-kabu da ƙunshi, na buɗe na tarar da ɗanyar fatar wuyan sa, wai in duba masa ko ta yi. Ba ta yi ba. Ɗan maraƙi ne, bai taɓa jan guga ba, ina za a samu tsohon sa yanzu da ake yanka su tun ba su yi ƙaho ba. Na yi masifa har maƙwabta suka leƙo. Da kakarsa ta gaji da ji, ta ɗauka za ta shanya a kan danga, cikin rana tsaka. Na ce ta ajiye mini. Na rarrafa da gwiwoyin nan nawa na rataye ta ƙarƙashin rumbu.